Saint Cloud na Waxahatchee: yadda masu sharhi da masoya suka karɓi albam ɗin da ya juya zuwa kiɗan kantiri

Ranar 27 ga Maris 2020 kamfanin Merge Records ya saki wani albam mai waƙoƙi 11, tsawonsa wajen minti 40, sunansa Saint Cloud. Mai waƙar sunanta Katie Crutchfield, 'yar Birmingham ce ta jihar Alabama a kudancin Amurka, amma sunan da take aiki da shi Waxahatchee, sunan wani rafi ne da ke kusa da gidan iyayenta. Shekarunta 31 a lokacin kuma wannan ne albam ɗinta na biyar. Kwana 16 kafin nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya, duk wasannin da aka shirya mata na zagaye gari-gari aka ɗage su, albam ɗin ya fito babu dandali babu taro, kowa na ɗaki a kulle da wayarsa.

Ni a Kano na fara jinsa, tsakiyar Afrilu bayan an sa mana dokar kulle, kuma tun lokacin nake bin abin da ake faɗa a kansa, na masu sharhi a jaridu da na masoya. Abin da ya tsaya min a rai shine ɓangarorin biyu kusan abu ɗaya suka ji, wato sanyi da natsuwa, wasu suka yaba saboda haka wasu suka yi ƙorafi saboda haka, ni kuma ina ganin dukkansu kiɗan suka saurara suka bar maganar da ke cikinsa.

Sai an san daga inda ta taso kafin a gane me yasa juyin ya zama abin magana. Katie tagwaye ne ita da Allison, tun suna 'yan mata suke kiɗan pank a Birmingham, irin kiɗan nan mai sauri da hayaniyar gita da ake yi a ɗakunan ƙasa na gidajen mutane, kuɗin shiga kaɗan, mawaƙa su kwana a kan daɓen gidan wanda ya gayyace su. Sun yi ƙungiya mai suna P.S. Eliot daga 2007 zuwa 2011. Da ta watse Katie ta koma gidan iyayenta a bakin rafin nan ta ɗauki albam ɗinta na farko American Weekend cikin kamar sati ɗaya, ita da gita kawai, sautin ma a dishe kamar tsohon kaset, ya fito 2012. Sai Cerulean Salt a 2013 wanda shine ya fito da sunanta, sai Ivy Tripp a 2015, sai Out in the Storm a 2017 wanda gitar lantarki ce ke ruri daga farko har ƙarshe kuma labarin rabuwa ne da wani da zaman ya yi tsami. To wannan shine abin da ake kira indi rok, rok ɗin ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, Merge ɗin ma mawaƙa biyu na ƙungiyar Superchunk ne suka kafa shi a 1989 a North Carolina. Masoyan wannan layin suna da wani irin kishi, mawaƙinsu nasu ne, sun san shi tun yana waƙa gaban mutum talatin, kuma da yawansu sun taso suna ganin kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka musamman kudu, a matsayin kiɗan iyayensu da gidajen rediyon Nashville, birnin da yake cibiyar wannan kiɗan, kiɗan da suka gudo daga gare shi. Ita kanta Katie ta sha faɗa a hirarraki cewa da shi ta tashi a gida, su Loretta Lynn da Dolly Parton, tana girma ta juya masa baya saboda pank.

A 2018 abubuwa suka canza mata. A Barcelona lokacin bikin kiɗa na Primavera Sound ta yanke shawarar daina shan giya, bayan shekaru tana yawon wasa daga gari zuwa gari inda giya ke cikin aikin kamar ruwan sha. Ta bar Philadelphia, daga baya ta tare a yankin Kansas City inda saurayinta Kevin Morby yake, shi ma mawaƙi ne. A wannan shekarar ta rubuta wa shafin kiɗa na Stereogum sharhi kan cikar shekara 20 na albam ɗin mawaƙiyar kantiri Lucinda Williams na 1998, Car Wheels on a Gravel Road, duk wanda ya karanta ya san inda zuciyarta ta karkata. A 2019 ta shiga situdiyo da furodusa Brad Cook, yawancin aikin a Sonic Ranch, wani situdiyo a Tornillo ta jihar Texas cikin gonakin itatuwan pikan dab da iyakar Meziko, sauran a Long Pond a jihar New York. Masu gita biyu Bobby Colombo da Bill Lennox daga ƙungiyar Bonny Doon ta Detroit ta ɗauko su, Nick Kinsey a ganga. Hoton bangon ma ya gama magana, tana zaune a saman tsohuwar akori-kurar Ford cikin doguwar riga shuɗiya, bayan motar cike da furanni.

Wani abu da nake so a lura, in ka saurari albam ɗin da kyau ba za ka ji goge ko banjo suna gaba-gaba ba irin na kantirin da aka saba, gita ce mara hayaniya da fiyano da ogan da ganga mai tafiya a hankali. Kantirin yana cikin muryarta ne, yadda take jan harafi irin na mutanen kudu har muryar ta ɗan karye a sama, da yadda aka gina waƙoƙin a kan sauti uku ko huɗu masu sauƙi, da sunayen wurare da ta cika su da shi. Fire a kan gadar kogin Mississippi ta faro, daga Memphis ana tsallakawa West Memphis. Arkadelphia sunan titi ne a Birmingham. Ruby Falls wani ruwa ne mai zubowa cikin kogo a Chattanooga. St. Cloud ɗin kanta garin mahaifinta ne a Florida.

Masu sharhi kam ba su yi wata-wata ba. Mujallar kiɗa ta intanet Pitchfork ta ba shi 8.7 cikin 10 da tambarinta na fitattun sabbin albam, Jeremy Larson ne ya rubuta. Guardian ta Ingila tauraro biyar ta ba shi. A Metacritic inda ake tara makin jaridu a fitar da matsakaici ya samu 88 cikin 100. Ƙarshen shekara Pitchfork ta sa shi na 2 a duk albam ɗin 2020, na Fiona Apple ne kaɗai a gabansa, mujallar Rolling Stone ta sa shi na 7 a jerin da Taylor Swift ke na ɗaya kuma Bob Dylan na ciki. Barack Obama da ya fitar da jerin waƙoƙin da ya fi so a 2020 akwai Can't Do Much daga albam ɗin, a jeri ɗaya da Essence ta Wizkid da Tems, nan ne ma wasu 'yan Najeriya suka fara ganin sunan Waxahatchee suna tambayar yaya ake furta shi.

Amma in ka jera sharhin nan ka karanta su ɗaya bayan ɗaya sai ka ga kusan labari ɗaya ake maimaitawa, ta daina sha, ta koma gida, ta samu natsuwa, ga hasken rana ga furanni, sannan a ƙara da cewa albam ɗin ya zo daidai lokacin da mutane ke buƙatar abin da zai kwantar musu da hankali. Sunan Lucinda Williams da Dylan kusan ba sharhin da babu su. Ba ƙarya suka yi ba, duk abin nan ya faru, kuma ita da bakinta ta ba su labarin a hirarrakin da ta yi kafin fitowar albam ɗin. Sai dai labarin ya yi daɗin bayarwa da yawa har ya rufe abin da ke ciki. Ita ta ce jigogin albam ɗin biyu ne, jarabar shaye-shaye da kuma irin jinginar nan da mutum ke yi wa wani har ya manta da kansa. Waƙar Hell kiɗanta kamar na tafiya kasuwa ranar sallah amma gargaɗi take wa wanda take so cewa zai sha wuya a hannunta, laifin a kanta ta ɗora. War da kanta take faɗa. Lilacs da ake ta yabon daɗinta maganar mutum ce da tunani ya hana shi sakat a gida, ƙaramin abu ya tunzura shi. Ruby Falls ta wani abokinta ce da ƙwaya ta kashe. Arkadelphia ta wata ce ta kusa da ita da take kallo shaye-shaye na cinye ta, tana lissafin yadda za ta ji ranar da za a kira ta a waya. Wannan ba maganin barci bane wallahi. Mutum ne da ya farka ya ga ɓarnar da idonsa biyu, kuma babu kwalbar da zai ɓuya a bayanta.

Wannan ɓangaren ya taɓa ni sosai don mu nan ba baƙin abin bane. A 2018 ɗin da ta daina sha, a nan maganar kodin ake bayan binciken BBC da ya sa gwamnatin tarayya ta hana shigowa da haɗa maganin tarin mai kodin, kuma ba unguwar da ba ta da yaron da ake cewa da shi da ba haka yake ba. Wanda ya taɓa zama da mai ƙoƙarin dainawa ya san watannin farko ba natsuwa a cikinsu, faɗa ne da rashin barci da jin haushin kowa. Shi yasa duk sanda na ga an kira Saint Cloud albam mai sanyi sai in ji kamar an tsallake rabin aikin.

To masoya fa. Nan abin ya kasu, kuma ba kashi biyu cif ba.

Akwai sabbin shiga, su ne mafi yawa, mutanen da ba su taɓa jin Cerulean Salt ba kuma ba ruwansu da pank. Kulle ne ya kawo su. Tunda ba wasa, ita da Kevin Morby suka riƙa kunna Instagram daga falonsu duk sati suna waƙa kai tsaye, mutane na turo abin da suke so a rera, a watan Yuni kuma ta yi wasanni biyar ta intanet, kowane dare albam ɗaya daga farko har ƙarshe. Mutane suka riƙa jin albam ɗin a kicin da wajen tafiyar yamma da cikin mota ba inda za a je, ya shiga jikinsu a hankali ba tare da hayaniyar talla ba. Ta faɗa daga baya cewa wannan albam ɗin ya ninka mata masu sauraro. Da ta koma dandali a kaka ta 2021, shekara ɗaya da rabi bayan fitowarsa, ta tarar da ɗakuna mafi girma da mutanen da suka haddace waƙoƙin da ba ta taɓa rera musu ido da ido ba.

Akwai kuma tsofaffin masoya da suka bi ta, su ma suna da yawa, waɗanda suka girma tare da ita, da suna shekara ashirin da 'yan kai suna jin waƙoƙin baƙin ciki a ɗakin haya yanzu sun haura talatin, wasunsu su ma sun ajiye kwalbar.

Sai kashi na ukun da nake so in daɗe a kansu, don ina da ɗaya a kusa. Wani abokina ne da muka yi makaranta tare, shi ya fara tura min waƙoƙinta shekaru kafin nan, ya yi karatu a waje ya dawo da kunnen indi rok. Cikin kullen na kira shi da daddare bayan an kawo wuta na samu caji, nace mutumina ka ji sabon na Waxahatchee kuwa. Yace ya ji sau biyu ya ajiye. Nace haba dai. Yace shi fa abin ya yi masa tsaf-tsaf da yawa, kamar ɗakin amarya da aka gyara don baƙi, da in tana waƙa sai ka ji kamar ka buɗe ƙofa ka same ta tana kuka ba ta san ka shigo ba, yanzu kuwa ta san ana kallonta har ta sa riga ta hau mota. Yace kuma wannan jan muryar na kudu a ina yake duk shekarun nan, sai yanzu da kantiri ya dawo yayi.

Ban raina maganarsa ba kuma har yanzu ban raina ta ba, don ba shi kaɗai bane. A wuraren da masu sauraro ke ba albam maki da kansu, makin Saint Cloud bai kai na 'yan jarida ba, kuma ƙorafin kusan iri ɗaya ne, waƙoƙin tsakiya sun yi kama da juna, babu haɗari a kiɗan, kiɗan shagon shan kofi ne, masu sharhi labarin suka ba maki. Maganar kamar juna tana da ƙamshin gaskiya, ni ma daga The Eye zuwa War sai da na yi sati kafin na iya raba su a kaina, gudun gangar kusan ɗaya ne kuma gitar ba ta canza launi sosai. Maganar yayi ma ba daga sama ta faɗo ba, a 2018 albam ɗin Kacey Musgraves ya ja 'yan indi da yawa zuwa kantiri har ya ci babbar Grammy a 2019, a 2019 ɗin kuma kowa na sa hular kaboyi saboda waƙar mawaƙin rap Lil Nas X mai salon kantiri. Wanda ya ga hoton akori-kura a 2020 ya yi zargi ba za a ce masa mahaukaci ba.

Inda muka rabu da shi shine maganar murya. Na koma na saurari American Weekend da Cerulean Salt a jere, jan harafin nan yana nan tun farko, hayaniya da dishewar sauti ne suka danne shi, kuma ita ma tana haɗiye shi. Yarinyar da aka haifa a Alabama ba aron harshen Alabama ta yi ba. In akwai lokacin da ta yi aro to lokacin da take ɓoye shi ne don ta shiga sahun 'yan Philadelphia da New York. Mu ma mun san wannan, ɗan ƙauye ya shigo birni ya gyara harshe don kar a yi masa dariya, sai ya kai wani shekaru ya daina damuwa ya koma magana yadda uwarsa ke yi, ba wanda zai ce ya ƙirƙiro.

Sannan akwai abin da ke ƙasan ƙorafin wanda ba kowa ke furta shi ba, kuma shine ya fi damuna. Wasu masoya sun fi son mawaƙinsu a cikin ciwo. Sun saba ita ce mai faɗa musu abin da suke ji da ƙarfe biyun dare, in ta warke kamar ta tafi ta bar su a wurin. Na fahimci wannan jin, amma nauyi ne babba a ɗora wa mutum, a ce sai ya ci gaba da shan abin da ke kashe shi don waƙarsa ta yi mana daɗi. Ita ma ta yi maganar wannan tsohon zancen na cewa sai mai fasaha na cikin azaba yake abin kirki, ta ce ba ta yarda da shi ba. Abin da ya sa nake cewa abokina da masu yabon kuskure ɗaya suka yi shine dukkansu sun ɗauka ciwon ya tafi. Bai tafi ba, fitila aka kunna a ɗakin kawai. Da can gitar ce ke ihu a madadinta, yanzu an rage gitar sai kalmomin suka fito fili, kuma kalmomin sun fi na da kaifi don yanzu ba wani take zargi ba, kanta take tuhuma. Kantiri dama aikinsa kenan tun zamanin Hank Williams, a ɗora magana mai ɗaci a kan kiɗan da za ka iya bi da ƙafa.

Wanda ya nuna min haka ba mai sharhi bane, kawuna ne. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru a hanyar Kano zuwa Legas, kuma irin mutanen nan ne da kaset ɗin Don Williams da Jim Reeves da Dolly Parton ba ya rabuwa da motarsu, ga na Shata a gefe. Kullen ya ritsa da shi a gidanmu. Wata la'asar ina tsakar gida ina wanki na jingina wayar a bakin taga, Can't Do Much na tafiya, yana kan tabarma da rediyonsa a kashe saboda batir. Sai da ta kusa ƙarewa yace kai wannan 'yar gidan Dolly ce? Nace a'a Kawu, wata ce daban, 'yar rok ce ma asali. Yace rok ɗin me, wannan ai kantiri ne, maido ta baya. Na maido. Turancinsa na hanya ne ba ya kama kowace kalma, amma da aka zo Ruby Falls ya ɗaga hannu yace in bar wankin haka ruwan na damunsa, ya saurara har ƙarshe sannan yace wannan mutuwa aka yi mata. Ban gaya masa komai ba kafin nan. Shi bai san Pitchfork ba bai san Barcelona ba, kunnen da shekara talatin na kantiri ya horar ne ya ji makokin da ke ƙarƙashin kiɗan, abin da masu cewa sanyi da masu cewa tsaf-tsaf duk suka wuce.

Ɓangaren masana'antar kuma wani abin kallo ne. Grammy ba ta ko ambaci Saint Cloud ba duk da yabon nan. Gidajen rediyon kantiri na Nashville dama ba a sa ran za su saka shi, nasu tsarin daban ne kuma ko matan da ke cikin gidan ma kukan rashin sa waƙarsu suke. A 2021 kyaututtukan Libera na kamfanoni masu zaman kansu suka ba shi kyautar albam ɗin kantiri, ƙungiyar Americana, wato masu kiɗan gargajiyar Amurka dangin kantiri, kuma ta sa sunanta a rukunin sabbin masu tasowa, mace mai albam biyar da shekara fiye da goma a hanya, Charley Crockett ne ma ya ci. Wannan ya nuna maka yadda gidajen biyu ba sa leƙa juna, a wurin 'yan indi tsohuwar hannu ce da ta canza, a wurin 'yan Americana baƙuwa ce da ta iso jiya. Ba sabon abu bane, ƙungiyar rok ta The Byrds da suka juya kantiri a 1968 suka hau Grand Ole Opry, babban dandalin kantiri na Nashville, ba a karɓe su da daɗi ba, su kuma masoyan rok ba su sayi albam ɗin sosai ba, sai daga baya aka dawo ana cewa shine tushe. Uncle Tupelo a 1990 da Wilco bayansu duk sun bi wannan tsakanin. Bambancin Katie shine ita ba ta jira shekara ashirin ba.

Akwai wata tambaya da ban ga masu sharhi sun tsaya a kanta sosai a 2020 ba, wa ake bari ya dawo gida. Shekara ɗaya kafin Saint Cloud, mujallar Billboard mai jera waƙoƙin da suka fi kasuwa ta cire waƙar Lil Nas X daga jadawalin kantiri wai ba ta cika kantiri ba, shi kuma baƙar fata ne ɗan Georgia, kudu ɗaya da Alabama. Katie ba ta da laifi a wannan, ba ta ma nemi shiga jadawalin ba, amma sauƙin da aka samu wajen cewa ta koma asalinta ba kowa ake yi wa shi ba, alhali banjon da ake taƙama da shi bayi daga Yammacin Afirka ne suka kai tushensa can, duk wanda ya ga gurmi ko garaya ya ga dangi.

Abin da ya biyo baya shi ya fi kowane maki bayani. Ba ta ja da baya ba. A Maris 2021 ta sake fitar da albam ɗin da ƙarin waƙoƙi uku na wasu, ɗaya ta Lucinda Williams ɗaya ta Dolly Parton ɗaya ta Bruce Springsteen. A Oktoba 2022 ita da Jess Williamson 'yar Texas suka yi albam na kantiri tsantsa da sunan Plains. Ranar 22 ga Maris 2024 ta saki Tigers Blood a kamfanin Anti-, Brad Cook ɗin dai, Sonic Ranch ɗin dai, wannan karon har da banjo a fili, da wani matashi MJ Lenderman a gita da amshi, kuma albam ɗin ne ya kawo mata shiga takarar Grammy ta farko a rukunin Americana, Sierra Ferrell ta ci. A tsakanin nan ƙungiyar Wednesday ta Asheville da Lenderman ke ciki ta fitar da Rat Saw God a 2023, shi ma ya fitar da nasa a 2024, sai ga indi rok mai warin kantiri ya zama abin da matasa ke rububi. Ba zan ce Saint Cloud ne ya haifi wannan duka ba, su Wednesday da nasu tushen kuma sun fi ta hayaniya nesa ba kusa ba, amma shi ya nuna wa kamfanoni da 'yan jarida cewa akwai masu saye, kuma yanzu in ana ba da tarihin wannan yayin da wuya a tsallake shi.

Abin da ya ba ni mamaki shine da Tigers Blood ya fito sai ƙorafin ya juya. Wasu daga masu cewa Saint Cloud ya yi laushi suka koma cewa sabon bai kai Saint Cloud ba, wato cikin shekara huɗu ya tashi daga albam ɗin da ta canza ya zama ma'aunin da ake gwada ta da shi.

Abokina dai bai sauka daga kan bakansa ba, har gobe Cerulean Salt ne nasa kuma yace in an ba shi zaɓi ɗaya shi zai ɗauka. Amma bara da muka dawo daga ta'aziyyar wani yaron unguwarsu da muka sani tun yana firamare, a motarsa, ba wanda ke magana, muna tsaye a danja ya laluba wayarsa ya sa Arkadelphia. Ban ce masa komai ba shi ma bai kalle ni ba, da ta ƙare ya sake maido ta. Kawu kuwa da aka buɗe gari zai koma gida sai da ya miƙo min memorin rediyonsa yace in zuba masa na yarinyar nan duka goma sha ɗayan, in sa su bayan na Don Williams.